Askin da Sipke Ya Yi wa Tsibiri

In kana son ka ga Sipke Bangma ya kumbura, ka yi zancen magudanar ruwa a gabansa. Tun yana saurayi shi ke yashe magudanan da suka ratsa makiyayan ƙauyenmu na Hinnewier, kuma da ya ajiye aikin bai ajiye bakin ba. Duk kaka, in jami'an ruwa suka zagayo duba ko kowa ya share tasa magudanar, sai Sipke ya tsaya bakin tasa ya riƙe ƙugu yana jiran yabo. Gaskiya dai tasa takan fita tas, ko silin ciyawa ɗaya ba ka gani. Abin da ya ɓata shi, daga nan sai mutumin ya ɗauka duk abin da ya shafi ruwa, daga na famfo har na teku, shi ya kamata a tambaya.

Matarsa Minke kuwa ba ta da yawan magana. Abu ɗaya aka san ta da shi. Duk hunturun da tafkin tsakiyar gari ya daskare, ita ce ta farko da ke ɗaura takalman zamiya ta hau ƙanƙarar. Uwarta ce ta saba yi, ita ta gada. Sai ta zaga tafkin ta dawo ta ɗaga hannu, sannan iyaye ke sakin yaransu. Kanta ya yi fari fat, gwiwoyi sun fara ƙara, amma duk da haka ba wanda ya taɓa gigin hawa kafin ita.

To, a shekarar da ake magana, da zafi ya shigo sai tafkin ya lalace. Gansakuka ta rufe shi ruf, ya koma kore mai kauri kamar miyar waken da ake sha ranar zamiya. Kifaye suka taso ciki a sama. Karen limamin coci ya lasa, ya kwana biyu yana amai. Wari kuwa ba a magana, har mata suka daina shanya a waje.

Aka kira taro a zauren gari, aka dafa gahawa, aka yanka burodin sukari. Kansila ya miƙe ya faɗi maganar ba kwana-kwana. Ya ce dama an daɗe ana kukan rashin wurin ajiye motoci, don haka in har ranar bikin kaka ta zo aka auna ruwan aka ga bai gyaru ba, yashi za a zuba a cike tafkin a daɓe shi.

Minke ta ajiye kofinta ba ta ƙarasa ba.

Sai wata jami'ar hukumar ruwa mai suna Renske, yarinya mai natsuwa, ta miƙe ta ce akwai dabara. Ta ce ruwan ba ciwo yake ba, ƙoshi ne ya yi masa yawa. Takin da ruwan sama ke wankowa daga makiyaya, da burodin da ake jefa wa agwagi, da kashin agwagin kansu, duk abinci ne ga gansakuka. Ta ce za a kawo wasu ƙananan tabarmi na ɓawon kwakwa masu yawo a kan ruwa, a dasa ciyayin fadama a kansu, babu ƙasa ko kaɗan. Saiwoyinsu za su sauka cikin ruwan su riƙa tsotse takin, gansakuka ta rasa abin ci ta mutu da yunwa.

"Aikinku kaɗan ne," in ji ta. "Ku saka su, ku ɗaure, ku ƙyale su. In kaka ta yi a yanke ganyen sama a kwashe. Shi ke nan. Wa zai kula da su?"

Kafin ta rufe baki Sipke ya miƙe, kujerarsa ta faɗi baya.

"'Yata, zauna ki huta. Kin zo gidan ruwa. Wannan dabara da kike faɗa, ni tun kafin a haife ki take cikin raina, lokaci ne kawai ban samu ba."

Maƙwabcinsa Douwe, wanda katangar lambu kaɗai ta raba su kuma ba su taɓa shan inuwa ɗaya ba, ya ce daga bayan zaure, "Kai da ka ƙare rayuwarka kana kashe ciyawar ruwa, yau kai za a ba reno?"

"Wanda ya san yadda ake kashe abu, shi ya san inda ransa yake, maƙwabci. Ci burodinka."

Ya juya ga matarsa, ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma zai ji. "Minke, ki wasa takalmanki. Na yi miki alkawari a gaban mutanen nan, hunturun bana a kan tafkin nan za ki yi zamiya, kuma ƙanƙarar za ta yi garau har ki hango kifi a ƙarƙashinta."

Aka tafa. Minke ta ce a hankali, "Ni dai ka bar min tafkin, ko ban hango kifi ba."

Da motar kaya ta sauke tabarmin, sai Sipke ya dube su ya taɓe baki. 'Yan ƙanana ne, kowace ba ta fi ƙyauren ɗaki ba, kuma Renske ta ce a warwatsa su lungu-lungu. Shi kuwa ya ce a ina aka taɓa ganin mutumin kirki ya watsa kaya a ruwa kamar an yi ambaliya? Ya jawo su gaba ɗaya bakin tafki, ya ɗinke su da waya, ya kewaye da katako, ya ɗaura jarkoki a ƙasa. Aka wayi gari da tsibiri guda ƙato, kusurwa huɗu cif, ciyayin a jere layi-layi kamar sojoji.

Renske ta zo a kan keke, ta tsaya ta daɗe tana kallo.

"Baba Sipke, ba haka na ce ba."

"Na sani. Na gyara miki ne, ba sai kin gode ba."

Ta nisa. "To, tunda an riga an ɗinke, zai yi aiki a hakan ma. Amma don Allah, kada ka ƙara masa komai, kada ka rage masa komai. Musamman ƙasan. Duk aikin a ƙasan yake."

"Ƙasan ruwa za ki gaya min? Haba 'yata. Gaida mutanen ofis."

Aka ja tsibirin tsakiyar tafki da kwalekwale, aka ɗaure shi da igiya a jikin wani dutse da aka nutsar. Aka kuma hana jefa wa agwagi burodi, abin da ya sa tsofaffin gari suka yi fushi na mako guda, agwagin kuma suka yi na wata.

Abin mamaki, sai dabarar ta fara ci. Ciyayin suka miƙe suka yi shar, wasu har da furanni. Warin ya ragu. A kewayen tsibirin ruwan ya fara washewa, koren ya ja baya. Minke kan fito da safe ta tsaya bakin tafki da kofinta, har an ji ta tana 'yar waƙa. Sipke kuwa gari ya yi masa kaɗan. A shagon burodi ya ce shi ya zaɓi irin ciyayin. A bakin coci ya ce daga babban birni an bugo waya ana neman shawararsa. Wanda duk ya tsaya gyara sarƙar keke a gefen hanya, sai ya ji tarihin tsibiri daga farko.

Washewar ruwan nan ce ta jawo masifa. Wata safiya Sipke ya tuƙa kwalekwale ya je duba aikinsa, ya leƙa gefe don ya ga fuskarsa a ruwa, sai ya hango abin da ke ƙarƙashin tsibirin. Saiwoyi ne tuli, dogaye, baƙaƙe-baƙaƙe, sun cukurkuɗe suna reto, laka da ƙananan katantanwa duk sun manne musu. A Hinnewier, in aka ga irin wannan a magudanar mutum, matarsa ma sai ta ji kunyar zuwa shago.

Kamar da gayya, sai ga Douwe a nasa kwalekwalen da sandar kamun kifi. Shi ma ya leƙa.

"Kai, kai, kai! Maƙwabci, tsibirin naka ya tara gemu."

"Ba gemu ba ne, saiwa ce. Aiki take."

"Na ji yarinyar ta faɗa. Ni dai mamaki nake. Mutumin da aka ce magudanarsa ta fi ta kowa tsabta a lardin nan, ashe daga sama ne kawai. Bari jami'an ruwa su zo da kaka su leƙa, a sha kallo."

Ya tuƙa ya wuce yana fito. Sipke ya koma gida bai iya cin abincin rana ba. Minke ta tambaye shi ko lafiya, ya ce ciki ne.

Washegari da hantsi, lokacin da mutane suka tafi aiki, ya ɗauko laujensa mai doguwar ƙota, wanda ya yi shekaru yana yashe magudana da shi. Ya wasa shi har yana ɗaukar ido. Ya ce wa kansa ai ba cirewa zai yi ba, ɗan gyaran baki ne kawai, a daidaita tsawon. Ya zura lauje ya ja. Gefen hagu ya fi na dama gajarta, ya rage na dama. Na dama ya fi gajarta, ya koma hagu. Hannu ya tuna aikinsa, mutumin ya ji daɗi, ya shiga rera waƙar samartaka. Kafin rana ta take, ya aske ƙasan tsibirin nan ƙwal. A cikin jan ƙarshe ya ji laujen ya ci wani abu mai tauri, ya ƙara ƙarfi ya datse, ya ce lallai wannan ce uwar saiwoyin. Igiyar da ta ɗaure tsibirin ce.

Ya turo baro cike da saiwoyi ta bayan gida, sai ya ci karo da Minke tana kwashe shanya.

"Mene ne wannan?"

"Datti."

"Daga ina?"

"Daga inda bai kamata ya kasance ba."

Ta ɗaga wani dunƙule ta duba, ta dube shi. "Sipke. Ba yarinyar nan ta ce ka bar ƙasan ba?"

"Ita a takarda ta karanta ruwa, ni a ciki na tsufa. Gashi ma in an aske shi ya fi fitowa da ƙarfi, ke ba ki sani ba? Dubi gemuna."

"Naka na gani. Na kanka fa, da ka aske tun bikin 'yarmu, ina yake?"

Ya gyara hularsa ya tura baro ya wuce.

Bayan kwana kaɗan ciyayin suka fara sunkuyar da kai, ganye ya yi rawaya. Sipke ya je ya duba, ya ce ai abin a fili yake, yunwa ce. Wane mahaukaci ne zai dasa shuka ba ƙasa? Ya kwaso ƙasar lambunsa ya zuba a kan tabarmin. Da ya ga ba su farfaɗo ba, ya je wurin Baukje mai shanu ya roƙi taki.

Baukje ta ce, "Na lambu ne?"

"Na wani aiki ne na hukuma."

"In tafki za ka kai, ka bari. An hana ni watsa shi kusa da ruwa, kai kuma za ka kai shi tsakiya?"

"Wa ya ce ruwa zan ba? Shuka zan ba. Tsibiri daban, ruwa daban, Baukje. Ki tsaya a kan nonon shanunki."

Ya kai takin, ya baza shi da kyau. Aka yi ruwan sama kwana biyu, takin ya tsiyaye ta cikin tabarmi. Gansakuka ta samu liyafar da ba ta taɓa samu ba, ta dawo da danginta. Warin da ya tashi a wannan karon har da sabon launi, don yanzu akwai na shanu a ciki.

Nauyin ƙasa ya sa tsibirin ya karkata gefe guda. Sipke ya ce wannan ƙaramin abu ne, ya ɗebo bulon daɓe daga bayan gidansa ya jera a ɗaya gefen. Sai ya karkata can. Ya ƙara a nan. Da ya ga daɓen ya yi kyau, ya ce wuri irin wannan ba ya rasa wurin zama, ya kawo benci. Da ya zauna a bencin ya ga babu abin da zai nuna wa baƙo cewa nan Hinnewier ce, sai ya kafa doguwar sanda ya ɗaura tutar gari.

Tutar nan ita ta zame wa tsibirin filafilan jirgin ruwa. Ba saiwar da za ta riƙe tsibiri, ba igiya, ga iskar ƙasarmu da ba ta hutu. Ran nan Douwe ya fito da safe ya tarar da tsibiri ya tokare 'yar gadar katakon da yake zama kamun kifi, ya karya mata ƙafa ɗaya.

"Sipke! Fito ka ɗauke ƙasarka daga ƙofar gidana!"

Sipke ya fito da takalman katako yana tauna cuku. "Yawo yake, maƙwabci. Sunansa ke nan, tsibiri mai yawo. Da gangan na sake shi, don ya tsotse kowane lungu."

"Ya tsotse min gada. Ka san dai iyakar filina ta kai tsakiyar ruwa? Duk abin da ya kwana a gefena nawa ne. Bencin nan na gode."

"Taɓa shi ka gani!"

Suna cikin haka iska ta juya, tsibiri ya saki gadar ya nufi bayan coci a hankali, tuta na kaɗawa. Mutanen biyu suka bi shi da kallo. Daga ranar, abin da ake fara tambaya a shagon burodi shi ne ina tsibiri ya kwana.

Renske ta bugo waya tana tambayar yadda abubuwa ke tafiya, don an tura ta wani aiki a can gaɓar teku. Sipke ya ce mata kada ta damu, in ta zo ba za ta gane wurin ba. Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Saiwoyin da aka aske, bayin Allah, suka yi ta maza suka sake tsirowa 'yan guntaye. Ana saura kwana biyu biki Sipke ya leƙa ya gan su, ya ce ba za a yi baƙi da ƙazanta ba, ya sake bi da lauje. Ciyayin suka ƙarasa bushewa. Da safiyar biki Minke ta shiga falo ta ga tagoginta fayau, tukwanen furanninta duka babu.

"Ina furannina?"

"Aro na yi. Da yamma za su dawo da lambar yabo."

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi masa sauƙi. Ta ce, "Sipke, tun ina 'yar shekara huɗu nake hawa tafkin nan. A kansa ka fara riƙe hannuna, ka faɗi, na ɗaga ka. Ina jin tsoro."

Maganar ta taɓa shi, don yana son matarsa, wannan ba wanda zai musa. Amma Sipke in abu ya taɓa shi, baki yake ƙara buɗewa. Ya bugi ƙirji ya ce, "Tsoron me, ina raye? Yau za ki ga abin da za a riƙa ba jikoki labari."

Gari ya taru a bakin tafki. 'Yan badujala sun jeru da kayan busa, an kafa rumfunan soyayyen kifi da giya, sai dai kowa na cin nasa da hanci a toshe. Kansila ya zo da kwat. Renske ta iso da 'yar jakar kwalaben awo, ta sauka daga keke, ta hango tsibirin da ya tsaya ɗan nesa da gaɓa, da benci da daɓe da tuta da jajayen furanni a tukwane. Ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Baba Sipke, ina ciyayin?"

"Suna hutawa a ƙarƙashin furanni."

"Wannan ƙasa ce nake gani? Wancan kuma... taki ne?"

"Kaɗan, don ƙarfin jiki."

"Saiwoyin dai suna nan ko?"

Sipke ya yi kamar bai ji ba, ya ɗaga hannu ya tsayar da masu busa. Ya yi jawabi. Ya ce kakanninmu sun ƙwaci ƙasa daga hannun teku, shi kuma ga shi ya ƙwato ta daga hannun tafki. Ya ce tsibirinsa zai ɗauki saniya da ɗan maraƙinta. Douwe ya ce to a kawo kwalekwale ya hau a gani mana.

"Kwalekwale? Ni?" in ji Sipke. "A ba ni sanda!"

Kowa a nan ya san tsallaken magudana da doguwar sanda, kuma kowa ya sha jin yadda Sipke ya yi zarra a wasan yana saurayi, ko da yake ba a samu wanda ya gani da idonsa ba. Aka miƙo masa sandar. Minke ta ce, "Tsoho, ka rufa mana asiri." Ya ce ta matsa kada iskarsa ta kayar da ita.

Ya ja da baya, ya tofa yawu a tafin hannu, ya sheƙo a guje. Ya caka sanda a ruwa ya ɗare. Sandar ta nutse cikin laka ta miƙe tsaye cak, ta ƙi gaba ta ƙi baya, Sipke na maƙale a sama yana harba ƙafafu. Mai ganga, da ya ɗauka cikin shirin ne, ya shiga kaɗa masa. Douwe ya haɗa hannu a baki ya ce, "Maƙwabci, a aiko maka da gahawa can?"

Can sai sandar ta yi shawara, ta karkata gaba a hankali, ta sauke shi tim a kan bakin tsibirin, daidai gefen da bulo ya fi yawa. Sipke ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu biyu. Har an fara tafi.

Sai gefen ya nutse. Benci ya zamo ya doke shi a ƙwauri, tukwanen furanni suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, bulo ya zube. Ɗaya gefen ya tashi sama, jarkoki suka bayyana, tuta ta yi sallama da jama'a. Tsibirin nan gaba ɗayansa ya miƙe tsaye, ya ɗan yi jim, ya kife ruf a kan mai shi. Igiyar ruwa kore mai haɗe da takin Baukje ta taso ta wanke layin gaba, ta cika bakin babban ƙahon 'yan badujala, ta yi wa kwat ɗin kansila ado har wuya.

Ga ƙasan tsibiri ya koma sama, rana na dukansa, kowa na gani. Sumul yake, ƙwal, ko gashin saiwa ɗaya babu, an bi kowace kusurwa an goge.

Renske ta matso bakin ruwa. Da ƙyar ta ce, "Wa ya... wa ya aske shi?"

Sipke ya ɓullo daga gefe, gansakuka ta yi masa hula, jan fure ɗaya a kafaɗa. Ya tofar da ruwa, ya bi idon jama'a ya ga abin da suke kallo. Ko a wannan halin sai da ƙirjinsa ya ɗan taso.

"Da hannu na yi," in ji shi. "Ba inji."

Dariyar da aka yi ran nan har a ƙauyen gaba an ji ta. Baukje ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Limamin coci ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Mutum biyu ne kawai ba su yi ba, Renske da Minke. Renske ta durƙusa ta cika kwalbarta, ta ɗaga ta a rana, ba a ganin komai ta cikinta. Kansila ya ce ba sai an kai ɗakin awo ba, shi ya riga ya ɗanɗana. Minke kuwa ta shiga ruwa har gwiwa ta miƙa wa mijinta hannu ta jawo shi, ta tsamo tukunyar fure ɗaya da ba ta fashe ba, ta wuce gida ba ta waiwaya ba.

Renske ta yi iya ƙoƙarinta, ta roƙi a ƙara shekara guda a sake gwadawa yadda ya kamata. Aka ce an ba da dama, an gani. Kafin ganyen itatuwa ya gama zuba, motocin yashi suka zo. Aka kwashe kifin da ya rage, agwagi suka yi ƙaura, aka cike tafkin aka daɓe, aka ja fararen layuka. Sipke ya yi mako biyu bai fita ba. A na uku aka gan shi a shagon burodi yana tambayar mutane, "To yanzu ina warin? Ina koren? Na ce zan kawar da su ko ban ce ba?"

Hunturun shekarar ya zo da sanyin da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Magudanai suka daskare, aka ce tafkin ƙauyen gaba ya yi ƙanƙara mai kauri, baƙa, garau. Da safe Sipke na durƙushe a filin motoci da 'yar wuƙa, yana ƙwaƙule wata ciyawa da ta leƙo tsakanin bulo, sai ya ga Minke ta fito da takalman zamiya rataye a wuya, ƙarafunansu na ƙyalli. Ashe ta wasa su kamar yadda ya ce. Ta tsaya daidai inda ta saba zama ta ɗaura su, inda yanzu motar mai gyaran famfo ke ajiye. Yara biyu-uku da suka hango ta suka taho da gudu da nasu takalman, don sun saba in ta fito an buɗe ƙanƙara, sai suka tsaya turus.

Sipke ya miƙe, ya buɗe baki. Tun da aka san shi, ran nan ne aka ga ya buɗe baki ba abin da ya fito.

Bas ta zo. Minke ta gyara masa gyalen wuyansa, ta ce miya na kan murhu, ta hau ta tafi ƙauyen gaba, inda za ta bi layi a bayan mutanen da ba su san uwarta ba.

Douwe na jingine da kekensa yana kallo. Sipke ya daɗe yana bin bas ɗin da ido har ta sha kwana. Ya share hanci da bayan hannu, ya yi gyaran murya.

"Amma dai, maƙwabci, tsakani da Allah, askin ya yi kyau."

Douwe ya dubi filin daga wannan gefe zuwa wancan, sumul, ba ruwa ba ciyawa.

"Ya yi kyau ƙwarai," in ji shi. "Ga shi har yau bai tsiro ba."